Kawu Clarrie da Manoman da Ya Yi wa Aiki

Kawuna Clarrie ɗan ƙabilar Noongar ne. Shekara arba'in ya yi yana aske tumakin Turawa a yammacin Ostareliya. Da aka sa ranar ƙuri'ar raba gardama kan shigar da mu 'yan asalin ƙasa cikin kundin tsarin mulki, sai ya bi gonakin nan ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a ce eh.

Wani tsohon manomi ya ce, "Haba Clarrie, kai ai namu ne."

Kawu ya ce, "To ku rubuta mana, tsoho."

Ranar ƙuri'a, masu cewa a'a suka yi rinjaye. Washegari na je jajanta masa, na tarar yana ɗaura takalmi.

Ya ce, "Na shawo kan mutum shida. Ɗauko mota, ɗana, ka kai ni gidan na bakwai."