Gaisuwar Mai Askin Bariki

Shekara talatin da huɗu maigidana ya yi yana aski a bariki, amma ko sau ɗaya bai taɓa sa kaki ba. Shagonsa yana jikin katanga, bayan ɗakin ajiye takalma: kujera biyu, madubi guda mai tsaga a gefe, da benci mai cin mutum shida in sun matsu. Kurtu ya zauna, hafsa ya zauna, magana ɗaya yake yi musu: "Sunkuya." Su kuma su sunkuya. Ba ya riƙe fuskar mutum, ƙeya yake riƙewa. Muna tafiya a kasuwa sai ya nuna mini wani can gaba ya ce, "Wancan na aske shi," alhali ko hancinsa bai gani ba. Da hannunsa ya fara rawa har ya yanki kunnen wani laftanar, sai ya naɗe asakensa a tsumma ya dawo gida ya zauna mini a ka.

Ni ɗinki nake yi a falo. Wata takwas Malam yana tsaye a bayana yana gyara mini riƙon almakashi. Babbar 'yarmu ce ta ji tausayina, ta sayo masa waya mai shafawa. Ba a yi sati biyu ba Samanja, wanda a da shi ke tsawa a filin fareti, ya jefa shi cikin guruf ɗin tsofaffin sojojin bataliyar, inda mutum ɗari biyu da sha ɗaya ke hira ta waya.

Malam bai iya rubutu a waya ba, murya yake aikawa. Ya danna ya ce, "Sannunku jama'a, Mai Aski ne. Ina fata kowa lafiya."

 Can sai ga muryar Samanja: "Nan babu jama'a. Akwai manyan hafsoshi, akwai ƙananan hafsoshi, akwai sauran muƙamai. A ba ka doka ka karanta."

Ni na karanta masa, guda goma sha tara. Gaisuwa daga sama take farawa ta gangaro. Kowa a kira shi da muƙaminsa, a ƙara "mai ritaya" a baya. In waya ta nuna hafsa yana rubutu, kowa ya ɗauke yatsansa. Wanda zai aika murya ga na gaba da shi, a tsaye zai yi. Fita daga guruf ba izini gudu ne daga bakin aiki. Na ɗauka dariya zai yi. Sai ya jinjina kai ya ce, "Mutanen nan sun san abin da suke yi. Ni ne ba ni da tarbiyya."

Na kwafe masa sunayen a bayan tsohuwar kalanda, shafi huɗu. Kullum da sassafe sai ya sa hula, ya ƙame a tsakiyar falo, ni ina riƙe da takarda ina nuna masa layi da tsinken sakace. Daga Kanar mai ritaya har farabitin ƙarshe, minti arba'in cur. Amsa ma bi da bi take zuwa. Sai Kanar ya ce "Na karɓa" kafin Manjo ya buɗe baki. In Kanar yana banɗaki, bataliya ta jira. Ranar da wayarsa ta mutu ba caji, wani Saje ya yi jika tun da hantsi, bai samu damar faɗa ba sai gab da faɗuwar rana. In kuwa Kanar ya yi barkwanci, fuskar dariya ma da layi ake aika ta. Wani farabiti da layi ya iso kansa bayan kwana biyu ya aika tasa, sannan ya kira Malam a ɓoye yana tambayar me aka ce.

A sati na uku Malam ya yi laifi. Na tashi duba tukunya, ya ci gaba da ka, ya kira Manjo da Kyaftin.

"Da ƙeyar kyaftin na san shi," ya ce mini. "Bayan na bar aiki aka ƙara masa. Ina zan sani?"

Samanja ya yanke masa tsallen kwaɗo ashirin, a aiko da murya a matsayin shaida. Daga baya matar Samanja ta faɗa mini yadda tsofaffin ke yi: mutum ya zauna a kujera, ya kara waya a baki, ya yi ta haki yana ƙirga. Ba wanda ya gaya wa Malam. Ya kama kunnuwansa ya tsuguna da gaske. A na huɗu gwiwa ta riƙe. Sai da na kira maƙwabcinmu kafinta muka ɗaga shi a dunƙule, muka ɗora kan gado yadda yake, yana ce mini kar in saki wayar, saura sha shida.

Manjon da aka yi wa laifin shi ya tada magana. Ya ce horon soja ba ya hawa kan farar hula, don haka sai an fara sanin muƙamin mutumin nan. Aka kafa kwamiti. Wasu suka ce ƙasa da kurtu yake, tunda kurtu ko ba komai ya taɓa gudu da bindiga. Kanar ya ce shi bai yarda ba. "Tunda nake," in ji shi, "mutum ɗaya ne ya taɓa kama mini kunne ya juya kaina, ya ɗora mini wuƙa a wuya, na tashi na ce na gode. Wannan ba kurtu ba ne." Aka so a gayyaci Malam ya yi bayani, amma takardar gayyata sai an fara ta da muƙami, muƙamin kuma shi ake nema. Haka suka yi sati biyar suna shawara a kansa, yana ciki yana ji, ba shi da izinin sa baki.

A ƙarshe kwamiti ya ce "Yallaɓai" ya yi masa yawa, "kai" ya yi masa kaɗan. Kafin a samu mafita, mai rubutu ya sa ɗigo uku a wurin muƙaminsa, mai aika murya kuma ya yi gyaran murya. Malam ya ji daɗin abin sosai. Ya ce ko Kanar ba shi da muƙamin da baki ba ya iya faɗa. Sai da ta kai in na yi tari a kicin yana amsa mini da "Na'am."

Ana cikin haka aka ce za a yi wa Samanja aikin yanar ido, zai yi kwana goma ba ya duba waya. Shi ne mai riƙe da makullin guruf, mai sa mutum da cire shi. Hafsoshi suka ce wannan aikin akawu ne, ba girmansu ba ne. Ƙananan kuma aka ce ba zai yiwu kofur ya samu ikon korar Kanar ba. Saura mutum guda wanda ba ya sama ba ya ƙasa. Aka damƙa wa Malam.

Shi kuwa tun yana aski ba ya ajiye kayan aiki sai ya goge. Ranar da ya karɓi riƙo ya ɗauko auduga ya goge fuskar wayar tas, lungu da saƙo, tana kunne. Ashe garin guga ya danna wurin da ke rufe bakin kowa, ba mai iya aika komai sai mai makulli.

Washegari ya yi gaisuwarsa ta minti arba'in. Shiru. Ya jira Kanar ya fito daga banɗaki har rana ta take.

"Na yi wani laifin," ya ce.

"Ƙila ba sabis," na ce.

"Sabis ba ya ɗauke wa bataliya guda."

Rana ta biyu ya gaida su sau biyu, ya bi kowa da ban haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Rana ta uku ya ƙi cin abinci, ya aika musu cewa in tsallen kwaɗon nan sha shida ne, a shirye yake ya biya. Su kuma can suna ji, ba halin amsawa, kuma ba wanda ya kira shi, don doka ta goma sha ɗaya ta hana tattauna maganar guruf a wajen guruf.

Rana ta huɗu da hantsi ina kan keke na ji tari a ƙofar gida. Wani ya yi, wani ya karɓa, wani ya ɗora. Na leƙa na ga tsofaffi sun fi talatin sun yi sahu a layinmu, wasu da sanda, wasu da lambobin yabo a maƙale jikin riga. Mai shagon kusa da mu har ya fara ja da ƙofarsa.

"Lafiya, bayin Allah? Mura ce ta kama ku?"

Manjo ya matso taku ɗaya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Yana ciki?"

Na ce su shigo. Ya ce ba su shiga sai Kanar ya iso, motarsa ta lalace a hanya. Awa biyu suna tsaye a rana. Na kawo ruwa, kofi uku gare ni, aka sha daga Manjo zuwa ƙasa. Malam kuwa yana ƙame a falo, shi ma ya ce ba zai fita ba sai an kira shi.

Kanar ya iso a bayan babur, ya sauka da ƙyar, ya gyara hula. Ya yi gyaran murya mai tsawo. Malam ya fito.

"Tambaya ɗaya na zo da ita," in ji Kanar. "Juyin mulki ka yi?"

"Ranka ya daɗe, Kanar mai ritaya, wane mulki?"

"Kwana huɗu kai kaɗai ke magana. A inda na yi aiki, sunan wannan ke nan."

Da aka yi masa bayani, Malam ya miƙa wayar da hannu biyu. Kanar ya juya ta, ya nisantar da ita daga idonsa, ya miƙa wa Manjo. Manjo ya latsa wani abu, hoton guruf ya koma hoton ƙofar hancinsa. Wayar ta yi ta gangarawa, kowa ya ƙara ɓata wani abu, har wani Saje ya kunna tocila ya kasa kashewa. Da na ga rana na yi, ga ɗinkin mutane na jirana, na karɓe ta daga hannunsa. Mu ma teloli muna da namu guruf ɗin. Latsawa uku na buɗe.

Nan take Kanar ya ciro tasa wayar, ya juya wa Malam baya, ya ce a cikinta, "Na karɓa." Manjo ya bi. Mutum talatin a tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa ya sunkuya kan wayarsa yana jiran layinsa ya amsa gaisuwar mutumin da ke tsaye a gabansa.

Wani gajeren tsoho daga can ƙarshen sahu ya zo ya zauna a dakalinmu, don layinsa da saura. Kofur ne, ya ce tafiyar awa huɗu ya yi a mota. Na ce, "Baba, duk wannan wahala saboda waya?"

Ya ce, "'Yata, shekara goma sha tara da sallamata. A gida Tsoho ake ce mini, a asibiti lamba ake kira. Maigidanki kaɗai ke cewa Kofur ya haɗa da sunana. A minti na talatin da ɗaya nake zuwa. Ba na shan shayi sai na ji." Ya shafa gwiwarsa. "A inda aka kai mu, in aka kira mutum da safe bai amsa ba, kowa ya san abin da ya same shi. Kwana huɗu ana kirana. Shi ne na ce bari in zo a ga ina nan."

Na shiga na dafa masa shayi, na kawo masa kafin na kowa. Manjo ya gani, ya kau da kai.

Da Samanja ya warke ya karɓi makullinsa, ya ƙara doka ta ashirin: ba a goge waya tana kunne. An wanke Malam daga zargin juyin mulki, kuma saboda gwiwarsa Kanar ya ba shi izinin gaisuwa a zaune, da sharaɗin kujerar ta zama marar majingina. Ni kuma aka ce tunda na nuna ƙwarewa, an sa ni a guruf a matsayin injiniya. Na ce na gode, ba na so. Samanja ya ce ƙin karɓa sai da takarda, takardar kuma sai ta fara da gaida mutum ɗari biyu da sha ɗaya. Ban rubuta ba har yau. Na kashe ƙarar abin na jefa wayata cikin kwandon ƙyallaye.

Malam na nan yana gaisuwarsa kowace safiya, yanzu ya haddace, ba ya neman takarda. Keken ɗinkina dai na mayar da shi ɗakin baya, don wani Laftanar ya kai ƙara cewa kullum a daidai sunansa nake taka keken.