Ƙoƙon Rubutun Kaka

Ƙanwata na da shekara goma sha huɗu aka gano tana da ciwon suga. Da yake ni kaɗai na yi koleji a gidanmu, ni aka damƙa wa karnenta, wato littafinta na likita, da allurarta. Na hana ta shayi, na hana ta fanke, tuwo ma sai na auna mata. Amma duk wata in muka hau mota daga Waca zuwa Magaria, majon likita ya soki yatsarta ya duba na'ura, sai ya kaɗa kai.

"Sugan ya hau kuma. In aka ci gaba haka idonta zai taɓu. Wani yana ba ta wani abu."

Na dawo gida ban yarda da kowa ba. Na zazzage jakarta, na shinshina bakinta, na bi ta a baya ranar kasuwa har rumfar masu alawa. Ban kama komai ba, duk da haka na kira ta maƙaryaciya a gaban Inna.

"Yaya, wallahi ko rake ban tsotsa ba," ta ce tana kuka.

Ban yarda ba.

Kullum da safe kakarmu tana ba ta rubutun sha da take karɓowa wajen malam. Na sani, amma wa ke bincikar rubutu? Wata safiya na shiga ɗakin Kaka neman tsintsiya, sai na ga tururuwa ta yi baƙi a gindin ƙoƙon rubutun. Na dangwala yatsa na lasa.

"Kaka, me kika zuba a nan?"

"Zuma. Yarinya ta sha tawada haka gayanta?"

"Ita ce ke kashe ta!"

"Tafi can, ƴar boko. Zuma magani ce. Farar saƙa ce daga Dogo-Dogo, ni ko lasa ba na yi, ita nake ajiye wa."

Ludayi guda, kullum, wata biyar. Ƙanwata ba ta taɓa lissafa shi cikin abinci ba.

Ban hana rubutu ba, kwalbar zumar na ɗauke. Da wata ya zagayo majo ya duba na'ura ya ce, "Yauwa." A tasha na sai mata tsire, haƙurin da na iya bayarwa ke nan.

Har yau ni nake fara kurɓar ƙoƙon, Kaka tana hararata. Ban yarda kwalba ɗaya gare ta ba.