Ranar da Suka Ce Inna Mayya Ce

Da safe Inna ta kafa tandar masa a ƙofar gidan hayarmu a unguwar Zango, kamar kullum. Ina zuba ƙullu, tana juyawa.

Da hantsi muka ji kuka daga gidan Alhaji mai manyan motoci. Jikansa ya rasu bayan zazzaɓi. Inna ta ɗauki mayafi za ta gaisuwa. Ba ta kai ga fita ba.

Wata ta ce yaron ya ci masarmu kafin ya kwanta. Inna 'yar ƙabilar Mosi ce daga ƙauye. Babanmu ya rasu, ba ta da ɗa namiji. Wannan ya ishi mutanen unguwa.

Dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano. Sai na biyu. Sai ƙarar takalma a zaure.

"Ku fito da mayyar!"

Muryar Habu ce, direban Alhaji, wanda kullum a wurinmu yake karyawa. Suka jawo ta waje. Zaninta ya kwance, aka hana ni rufe ta. Habu ya danna hannunta cikin man tanda. Matan gidanmu suna tsaye. Ɗaya ta rufe wa ɗanta fuska, don kada Inna ta kalle shi.

Da aka kira azahar, mazan suka tafi alwala. Na ɗora Inna a kan babur, na ɗaure ta a bayana da ɗankwali. Muka bi ta unguwar Bilbalogho, ba takalmi a ƙafarta. Kafin la'asar muka isa unguwar Pissy, wurin ƙanwarta mai fasa dutse.

Washegari na je komisariya, ofishin 'yan sanda. 'Yar sandan da ta saurare ni ta ce doka ta canja: kiran mace mayya laifi ne, korar ta ma laifi ne, akwai ɗauri. Ta biyo ni, ta duba hannun Inna da kanta. Aka kama Habu.

Sai aka nemi shaida. Duk namijin da aka tambaya ya ce yana masallaci. Matan suka ce suna ɗaki. Kafin Juma'a Habu ya koma tuƙi.

An ba wasu ɗakinmu. Yatsun Inna uku ba sa lanƙwasuwa. Hausar da ta raine ni da ita ma ta daina yi. In na yi mata magana, da Mosanci take amsawa.