Yaya Rabi da ajin Sinancin Fassuma

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayata Rabi, sai yau na iya ɗaukar alƙalami a kanta. Kunya ce ta hana ni tun farko.

Rabi ta zo Paris daga Damagaram tare da mijinta, ya rasu ya bar ta da goyon Fassuma. Ta samu aikin wanke-wanke da yankan kayan miya a wani gidan abincin Shinuwa, wato mutanen ƙasar Sin, a unguwar Belleville. Shekaru ta yi tsaye a madafar nan, hannuwanta kullum cikin ruwa, har kunnenta ya kama yarensu. Ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, Faransancinta ma na kasuwa ne, amma takan yi wa mai dafuwar gardama da Sinanci har ya tuntsure da dariya.

A nan ta ji labarin wata lakwal inda ake koyar da ƙananan yara rabin darussansu da Sinanci, har da lissafi da waƙoƙi. Fassuma na da shekara shida. Rabi ta ɗaura zanenta na fita ta je. Daraktar ta dube ta ta ce, "Madam, ki bari ta iya Faransanci tukuna. Yara irin naku shi suka fi buƙata." Rabi ta juya ta tafi gida. Ta koma sau huɗu. A na ƙarshe ta tare malamar ajin a bakin ƙofa, ta gaishe ta da Sinanci, ta faɗa mata abin da ya kawo ta. Malamar ce da kanta ta shigar da sunan yarinyar.

Mu fa, danginta da ƴan garinmu, me muka yi? Dariya. Ina tuna wani taron suna a La Courneuve, inda wani Alhaji mai sayo kaya daga ƙasar Sin ya ɗaga murya ya ce, "Rabi, an ce ƴarki ta zama Shinuwa. Da tsinke biyu za ta riƙa cin tuwo ke nan?" Falo ya ɗauki dariya, kuma muryata ta fi ta kowa. Rabi ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Alhaji, ni na san abin da ake faɗa a kaina a wurin aiki. Kai ka san abin da tafintanka yake faɗa a kanka?"

Shekara biyu tana kai yarinyar a jirgin metro kowace safiya kafin ta wuce aiki. Da yamma Fassuma ta zauna tana zana haruffan nan a littafi mai gida-gida, uwar na tsaye a kanta. Ba ta iya karanta ko ɗaya ba, amma in zane ya karkace takan gani, ta sa a sake.

Sai ciwon daji ya kama ta. Cikin wata biyar aka gama. Na ɗauko Fassuma na kawo ta gidana a Rillieux-la-Pape, kusa da birnin Lyon, na sa ta a lakwal ɗin unguwa. An gaya mini akwai irin ajin a cikin Lyon, sai dai da nisa, kuma sai an cika takardu an yi jarrabawa. Ina tuƙin motar kai kaya, matata tana jego. Na ce baɗi. Malamar ta kira ni daga Paris har sau biyu, ban mayar da kiran ba.

Yau ga shi Sinanci ya zama abin yayi a cikinmu. Jikokin Alhajin nan suna zuwa darasi duk Asabar, shi kuma yana gaya wa mutane a masallaci cewa ya daɗe da hango amfanin abin. Ba mai ambaton Rabi. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga haka. Ina jin Alhaji ba zai dame ta ba, ta gama da shi tuntuni. Ni za ta nema.

Fassuma yanzu shekararta goma sha shida. Sinancin ya tafi, saura ƙirge zuwa goma da rabin wata waƙa. Hausa tana ji, amma da Faransanci take amsawa. Ranar Babbar Sallar da ta wuce, muna yanka nama a kicin, ta tambaye ni ko mamanta ta bar wata magana a kanta. Shekara takwas ina gudun tambayar nan. Na gaya mata gaskiya: a asibiti Rabi ta riƙe hannuna ta ce, "Isuhu, kada ka cire ta daga ajin nan," ni kuma na ce in sha Allahu.

Yarinyar ta ajiye wuƙar da ke hannunta. Sannan ta ce, da Hausa, "Kawu, da ka faɗa mini tun ina ƙarama." Ta wanke hannu ta fita.

Abin da ya rage na Rabi ke nan a duniya: ƴa guda, wadda yanzu ta san uwarta ta nema mata wani abu da dukan ƙarfinta, ta kuma san a hannun wa ya salwanta. Allah ya jiƙan Rabi, ya haskaka kabarinta. Ni kuwa muna gida ɗaya da Fassuma, tana gaishe ni kowace safiya da ladabi, kuma har yanzu ban iya ce mata ta yafe mini ba.