Kawu da Katin Cikin Kwamfuta

Shekara ashirin da takwas Kawuna ya yi a ɗakin karatu yana rubuta katin littattafai. Kowane littafi da katinsa, sunan marubuci a sama, shekara a gefe, a jera a durowa. Da kwamfuta ta zo aka kwashe durowoyin zuwa sito, shi kuma aka sallame shi da agogon bango. In an tambaye shi aikin da ya yi, sai ya ce, "Wanda ya riga ni mutuwa." Maganar nan tana ci mini rai, wallahi.

Ni kuwa ina fama da kundin digirina na biyu. Akwai manhajar da nake zuba wa bayanin duk littafin da na karanta, ita ke jera mini manazarta a ƙarshen kundi. Malamina ya ce shekarun littattafai shida ba daidai ba ne. Sau uku ina gyarawa a shafin ƙarshe, da na sabunta jerin sai kurakuran su dawo daram.

Ina zaune a barandar Kawu ina ta tsaki, ya leƙo ta saman tabarau.

"Ke 'yar boko, wa ya taɓa ki?"

Na faɗa masa, don dai in sauke haushi.

"Jerin kike gyarawa? Ina katin?"

"Haba Kawu, ina kati a kwamfuta?"

"Jeri ba ya haifar kansa, 'yata. Daga wani wuri kwamfutar take kwasowa."

Na buɗe ma'ajiyar manhajar, na danna littafi ɗaya. Ga gurbin marubuci, ga na shekara, ga na maɗaba'a. Kawu ya jawo kujera har gwiwarsa ta bugi tebur. Ya nuna gurbin shekara da yatsa.

"Nan za ki gyara," in ji shi. "Sau ɗaya tak."

Na gyara shidan, na sabunta. Komai ya daidaita, har cikin babi-babi. Na miƙe da murna zan tattara kayana, sai ya dafe kwamfutar.

"Ina za ki? Kati nawa ne a ciki?"

"Ɗari biyu da sha ɗaya."

"Kuma ba wanda ya duba su?" Ya goge tabarau da bakin riga. "Zauna. Buɗe na farko."