Mai Kula a Tashar Gashua

Tun hantsi Wasila, mai sayar da ƙanƙara a tashar Gashua, take kallon wani dogon mutum da takunkumi a haɓa. Yana rungume da kula mai ƙanƙara, ruwa na ɗiga a kan takalminsa. Da gani ma'aikacin asibiti ne, samfurin gwajin korona zai kai Damaturu. Direba ya rantse ba zai tashi ba sai mota ta cika, fasinjoji kuwa da sun hango kular sai su ja da baya.

Mutumin ya sake zuwa sayen ƙanƙara yana tsaki.

Wasila ta ce, "Malam, masu shi suna can suna jiran sakamako ko?"

Ya ce, "Hajiya, na mutum uku ne. Yanzu aka bugo mini waya, an binne biyu."