Ƙofofi Uku na Brijmohan

Shekara ashirin da shida Brijmohan Sahay ya yi yana koyar da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa a wani ɗaki da ke saman shagon tela a Patna, ƙasar Indiya. Duk wanda ya gama jami'a yana jiran ganawar neman aiki, nan yake ƙarewa. Dokarsa ɗaya ce: ban da tunani.

"Minti biyar za su ba ku," yakan faɗa yana buga allo. "Mai tsayawa tunani ya koma ƙauye ya tatsi bauna!"

Haka ɗalibarsa Ruksana Ansari ta haddace tambayoyi ɗari da arba'in. Cikinsu har da ta ƙofofi uku: mota a bayan ɗaya, awaki a bayan biyu. Ka zaɓi ƙofa, mai wasan da ya san inda motar take ya buɗe wata, akuya ta bayyana, sai a tambaye ka: za ka canza ko za ka tsaya? Amsa: canza ƙofa, damarka biyu cikin uku.

Ranar ganawarta da wani kamfanin inshora, karo na uku kuma na ƙarshe da dokarsu ta yarda, tambayar ƙofofin aka jefo mata. Sai dai matar da ke tambayar ta ƙara da cewa mai wasan ya manta inda motar take, da ka ya buɗe ƙofar, akuya ta fito. Ruksana ko sauraro ba ta yi ba.

"Canza! Biyu cikin uku!"

"Saboda me?"

Wannan ba ya cikin abin da ta haddace. Har yanzu tana jin ƙarar fankar ofishin.

Washegari ta haura wurin Brijmohan.

"Sir ji," ta kira shi yadda ɗalibai ke kiran malami, "matar ta ce rabi da rabi ne."

"Ita wa? Wannan 'yar jiya? Tun ba a haife ta ba nake canza ƙofa! Ɗiyata, tambayar ce ba su iya yi ba."

Ruksana ta kife kofunan shayi uku a teburinsa, ta ɓoye maɓallin riga a ƙarƙashin ɗaya. Ta sa shi ya zaɓa, ya kuma buɗe wani da ka. In maɓallin ya fito, su soke zagayen. Sau arba'in suka ƙirga: canzawa ta ci ashirin da ɗaya, tsayawa sha tara.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Kofunan nan ba girmansu ɗaya ba."

"Sir ji!"

"To, na ji. A littafin ba haka take ba." Ya sassauta murya. "Kada ki faɗa wa 'yan ajin ƙarfe takwas. Rikicewa za su yi."

Ta sauko ta tsaya a bakin shagon telan. Wayarta ta yi ƙara. Babanta ne, ya ce ya sayo alewar laddu kwali biyu ta murnar aikin da yake zaton ta samu, yana tambaya ko ya fara raba wa maƙwabta.

"Abba, dakata tukuna," ta ce. "Ga ni nan zuwa."